Yadda Muka Taɓa Ƙwaƙwalwar Fijo

'Yan uwa marubuta da dama sun sha tare mu a wurin taron wata-wata suna tambaya, wai ina labarin littafin nan da muka yi alkawarin zai fito kafin daminar 2024? Kullum sai mu ce yana hannun maɗaba'a, ko kuwa mu ce takarda ce ta yi tsada. Takarda kam ta yi tsada, wannan ba ƙarya muka yi ba, amma littafin bai taɓa taka ƙofar maɗaba'a ba. Kuɗin bugunsa wata Fijo ce ta lamushe su. Tun da kuwa edita ya matsa mana lamba lallai sai mun ba shi wani abu a wannan fitowa, bari mu fasa ƙwan kowa ya huta.

Mu 'ya'yan 504 ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sayi tasa sabuwa fil a 1979, cikin waɗanda ake harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna, inda kamfanin Peugeot ya fara aiki a 1975. Duk abin da ke ƙarƙashin bonet ɗin motar nan ido yana ganinsa, hannu kuma yana kai masa. Idan ta fara shan mai fiye da ƙima, ko ta fara tari a hawa, sai a aike mu mu kirawo bakanikensa. Zai zo da sukundireba a aljihun gaba, ya sa a tayar da ita, ya karkata kai kamar mai neman tashar rediyo mai nisa, ya murɗa wani ɗan kusa a jikin kafireta rabin juyi, ya sassauta distiributa ya ɗan gusa ta, shi ke nan ya goge hannu a ba shi goro. Mutumin nan yana nan da ransa, ya haura saba'in, kowa a garejin Baba yake ce masa, mu ma haka. Gadonsa muka yi, yadda ake gadon gona.

A 2014 Allah ya hore mana muka sayi 406 'yar Beljiyam, ƙirar 2002, mai injin lita 2, silinda 4, ƙarfin doki ɗari da talatin da 'yan kai. Ranar da muka kai wa Baba ita ya sa albarka, ya daɗe yana kallon wayoyin da suka cika cikinta yana girgiza kai, domin shi bai taɓa yarda da abin da yake kira motocin waya ba. Aiki biyu ya yi mata nan take. Ya kwance wani ɗan ƙarfe mai kama da murfin buta daga bakin tiyon lagireto, wato tamostat, ya jefa shi cikin kwalin tarkace. Sannan ya sa mai wayarin ya haɗa fanka kai tsaye, da an murɗa makulli ta kama juyawa har a kashe.

"Malam," in ji shi, "wannan abin Bature ya sa shi ne saboda ƙanƙara. Mu nan wace ƙanƙara gare mu? Bari ruwa ya yi ta yawonsa, injinka ya sha iska."

Muka ce gaskiya ne, Baba. Bayan kamar shekara guda wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gaban direba, ta ƙi mutuwa. Baba ya ce mu ƙyale ta, ado ce. Muka ƙyale ta shekara tara.

Mota tana shan mai, mun sani, amma a lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba wa yake lissafi? Lissafi ya zo ne ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin mai ya ƙare. Kafin mako ya zagayo lita ta haura naira 500 a Kano, kafin ƙarshen Yuli ta haura 600. Tankin 406 lita 70 yake ci. Abin da muke cika shi da ƙasa da naira 14,000 ya koma sama da 42,000, alhali albashin malamin makaranta yana nan inda aka bar shi. Muka koma ajiye ta kwana uku a mako muna bin a-daidaita-sahu, muna leƙenta a ƙarƙashin darbejiya kamar saniyar da ba a da dusar ba ta.

A cikin wannan hali ne, a watan Maris na 2024, cikin azumi, wani abokin aiki ya ba mu labarin wani yaro mai kwamfuta da ke gyara wa motoci ƙwaƙwalwa. Muka same shi a wani shago na kwantena, yaro ne da bai wuce ashirin da biyar ba, mai ladabi, mai tsabta, ba ɗigon baƙin mai ko ɗaya a rigarsa. Wannan kaɗai ya isa ya burge wanda ya yi shekara arba'in yana zama a kan tsohuwar taya a gareji. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya zura wata waya a wani rami da ke ƙasan sitiyari wanda ba mu taɓa sanin yana nan ba, lambobi suka cika fuskar kwamfutarsa.

"Yallaɓai, motarka barci take yi," in ji shi. "Kamfani ne ya ɗaure ta. In na kwance ta za ka samu ƙarin doki ashirin, shan mai kuma zai ragu kashi talatin cikin ɗari."

Ladan aiki naira 45,000. Muka buga lissafi a zuci muka ga cikin wata uku kuɗin sun dawo, saboda haka muka ranta daga asusun littafi, da niyyar mayarwa.

To, kafin mu ci gaba, ya kamata mu yi wa mai karatu bayanin abin da mu ba mu sani ba a ranar, sai daga baya muka saye shi da tsada. Abin nan da makanikai ke kira birenbos, wani akwati ne na alminiyam da bai fi girman littafin hikaya ba. Aikin da kafireta da distiributa suke yi a 504, shi aka tattara aka damƙa masa. Hukunci biyu yake yankewa: mai nawa za a fesa wa kowace silinda, kuma a wane lokaci filogi zai kyasta wuta. Idan inji mai silinda 4 yana juyi 3,000 a minti, sau 100 ke nan a kowace daƙiƙa ake yanke wannan hukunci. Akwatin ba shi da ido, ba shi da kunne, sai 'yan rahoto da aka dasa masa a sassan inji, waɗanda ake kira sansa. Wani yana faɗa masa yawan iskar da ta shiga, wani saurin juyin inji, wani zafin ruwa, wani yana zaune a bakin salansa yana sansana hayaƙi ya ji ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan, wani kuma an ɗaure shi a jikin inji yana sauraron ƙarar ƙonewar da ba ta dace ba. Da rahoto ya iso sai akwatin ya duba wani jadawali da aka rubuta masa tun daga kamfani, mai layuka tsaye da kwance kamar jadawalin sau na 'yan firamare: in juyi kaza ne, nauyi kaza ne, to fesa kaza, kyasta a kaza.

Ma'aunin da yake nema a tafiya ta yau da kullum shi ne kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur. A taƙaice, duk litar da muka saya a gidan mai sai ta haɗu da iska wajen lita 9,000 kafin ta ƙone sarai. Mu muna ta kukan lita ɗaya, ashe yawancin abin da mota ke ci kyauta Allah ya ba ta.

Ba don a ƙara wa mota gudu aka ƙirƙiro akwatin nan ba, don hayaƙi ne. Kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da fesa mai da lantarki a cikin wata Volkswagen a 1967, saboda dokokin hayaƙi na Amurka da suka fara tsanani. A 1976 aka sa sansar salansa a motar Volvo, a 1979 aka haɗa fesa mai da kyasta wuta a akwati guda a motar BMW. Shi kuwa ramin nan mai haƙora 16 da yaron ya zura wa waya, Amurka ta wajabta shi a 1996, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, domin bakanike ya riƙa tambayar mota abin da ke damunta. Ta ƙofar da aka buɗe don tambaya, ta nan masu sake rubutu suka samu shiga.

Kada mai karatu ya ɗauka sana'ar duk damfara ce. Akwai masu ita na gaskiya, kuma akwai injin da take yi wa amfani sosai. Injin da ke da tabo, wato na'urar nan da ke cusa iska da ƙarfi, akwatin ne ke ƙayyade yawan cusawar, don haka in aka sake jadawali aka ce a ƙara, ana iya samun ƙarin ƙarfi kashi ashirin cikin ɗari ko fiye. Amma ƙarin iska yana neman ƙarin mai, shi ya sa masu yin abin da gaske sukan canja nozul da famfon mai su sa manya, su nemi fetur mai daraja, su ɗora motar a kan na'urar gwaji suna aunawa suna gyarawa. Injinmu kuwa ba shi da tabo. Iskar da cikinsa ya ɗauka ita zai shaƙa, ko da malaman lissafi na duniya ne suka taru a kan jadawalinsa. Abin da za a iya tatsa daga irinsa doki kaɗan ne da ba za a ji su a ƙafa ba. Balle a ce ga ƙarin doki ashirin ga ragin mai kashi talatin a tukunya ɗaya. Ƙarfin mota ai man da ta ƙona ne. Hausawa sun gama magana da suka ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, mun karanta labarin Volkswagen a jarida lokacin da ya faru, a watan Satumba na 2015. Injiniyoyin babban kamfani irin wannan, da duk dukiyarsa, sun nemi su haɗa ƙarfi da tsimin mai da tsabtar hayaƙi a injin dizal, abin ya faskara, sai aka koya wa akwatin ya gane lokacin da ake gwada shi, ya yi halin kirki a gaban masu gwaji, in ya hau titi ya koma halinsa. Motoci wajen miliyan 11 abin ya shafa. Mun san wannan sarai, har mun taɓa cewa zai yi kyau a gajeren labari, amma muka tsaya a gaban kwantena muka yarda yaro zai yi a awa uku abin da ya gagari Jamusawa.

To mene ne ɗaurin da yaron yake magana a kai? Akwai shi, bai yi ƙarya ba a nan. Mai rubuta jadawali a kamfani bai san inda motar za ta ƙare ba, ko cikin sanyin Suwidin, ko cikin ranar Agadas, ko a hannun mai zuba mata mai nagari, ko a hannun irinmu. Saboda haka sai ya ja baya kaɗan daga iyakar abin da injin zai iya, ya bar rara, kamar yadda manomi mai hankali yake barin damma a gindin rumbu ba ya taɓa su sai shekara ta ɓaci. Wannan rarar ce ake sayar wa mutum da sunan ƙarin doki. Tasa ce tun asali, an ajiye masa ita ne don ranar wuya.

Yaron ya kwance akwatin, ya buɗe shi, ya ɗauko ƙarfen dalma ya ciro wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu kamar kyankyaso, ya ɗora a wata na'ura, ya mayar. Da aka tayar da mota, fitilar nan ta shekara tara ta mutu. Wallahi a ranar ji muka yi kamar an sauke mana bashi. Muka hau titi muka ji mota tana zillo, da an taɓa totur ta amsa. Muka isa gida bayan shan ruwa muna ta zuba wa uwargida labari. Ta saurara har muka gama, sannan ta ce, "To Malam, da lita nawa take kai ka makaranta, yanzu kuma nawa?" Muka ce ai abin a jiki ake jinsa. Gaskiyar magana ba mu taɓa aunawa ba, da can ko yanzu. Abin da muka sani kawai, tun da ta fara amsawa muka fara jin daɗin taka ta.

Bayan ƙaramar Salla, a ƙarshen Afrilu, aka sa bikin 'yar ƙanwarmu a Zariya, aka ɗora mana kai iyaye mata da kayan gara. Ya zo daidai da wahalar man da aka yi a ƙasa a makon nan, layi ya miƙe a kowane gidan mai. Muka kwana a layi ba mu samu ba, dole muka faɗa hannun 'yan bumburutu, galan biyar a kan naira 5,000 kowane. Da ana juyewa mun ji wani ɗan warin kalanzir, muka kau da kai. Ba mu manta da gurɓataccen man da aka shigo da shi ƙasar nan a watan Fabrairu na 2022 ba, wanda ya kwantar da motoci da yawa, amma mai ɗaurin aure a gabansa ba ya tsayawa binciken galan.

Muka bar Kano wajen ƙarfe goma sha biyu, rana tana dukan ƙwarya, zafi ya haura 40. Mutum biyar manya, but cike da buhun shinkafa da jarkokin man gyaɗa da daron alkaki da nakiya. Muna wuce Kura muka fara jin wata ƙara duk lokacin da muka taka don wuce babbar mota, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. Mun san ƙarar nan tun zamanin 504. Ita ce wadda Baba yake jin ta ya gusa distiributa baya. Ma'anarta, man yana fashewa da kansa kafin lokacinsa, yana dukan kan fistin maimakon ya tura shi. Muka duba gaban direba ba fitilar da ta kama, muka ce tun da ƙwaƙwalwa ba ta yi magana ba, lafiya ke nan. Bayan Kwanar Dangora muka fito za mu wuce wata tirela, muka taka har ƙasa, muna daidai tsakiyarta mota ta yi wata irin shaƙuwa, ƙarfi ya zube, ga wata tana tahowa a gaba tana walƙa mana fitila. Allah ne kaɗai ya sa direban tirelar ya gane ya taka birki muka samu muka kutsa. Salatin da iyaye mata suka yi a bayan motar nan har yau yana kunnenmu.

Da silinda uku muka rarrafa zuwa Tashar Yari, mota tana kakkarwa kamar mai masassara. A nan muka yi wa mata da gara shatar wata mota suka wuce, mu muka kwana a kan benci muna gadin Fijo. An ɗaura aure ba mu. Washegari janwe ya maido mu Kano.

Da Baba ya ɗaga kan injin, sai ga bawul ɗaya na fitar hayaƙi ya ƙone, gefensa a gutsure kamar ɓera ya ci, kan fistin duk ya yi zanzana, filogi fari fat kamar toka. Ya jujjuya bawul ɗin a hannu ya ce, "Malam, wa ya taɓa ta?" Muka faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai ce, "Ka ɗauki ɗanka ka kai wa wanzamin da bai taɓa ganin jini ba," ya juya ya ci gaba da aikinsa, bai ƙara ce mana uffan ba har la'asar.

Muka koma wurin yaron. Ya ce man ne ba shi da kyau, kuma a nan ma bai yi ƙarya ba. Muka ce to ya mayar mana da rubutun kamfani yadda yake. Ya sosa ƙeya ya ce, "Yallaɓai, ban ajiye ba." Duk marubucin da ya taɓa miƙa wa mai buga tafireta kwafinsa ɗaya tilo na rubutun hannu, ya dawo ya tarar an gyara masa Hausa an kuma ƙulla ƙosai da asalin, ya san abin da muka ji a wannan lokaci. Ga shi kuma tun da aka sa wa akwatin ƙarfen dalma, in ya yi zafi sai ya riƙa ɗauke wuta.

Wani amininmu ne ya haɗa mu da ƙanensa, malamin koyar da gyaran mota a wata kwalejin fasaha. Shi ya raka mu Ƙofar Ruwa muka sayo wani akwatin mai lamba iri ɗaya da namu. Ba a sayensa shi kaɗai, sai da ɗan uwansa mai kula da makulli da kuma ɗan ƙwayar da ke cikin makullin, domin ukun nan sun san juna, in aka raba su mota ba za ta tashi ba. Malamin ya karanto jadawalin sabon da na tsohon, ya jera su a fuskar kwamfuta, ya bi da mu layi-layi yadda ake bin ɗalibi da jan biro.

Abu uku aka yi wa namu. An gaggauta kyasta wuta, kuma ga alama daga intanet aka kwaso rubutun, wanda aka shirya don fetur mai lamba 98. Lambar nan ita ce ma'aunin yadda fetur ke jure matsi da zafi bai fashe da kansa ba. A Turai 95 da 98 ake sayarwa, namu kuwa bai kai nan ba ko da ba a yi masa algus ba, ina ga wanda aka sirka da kalanzir. Wannan gaggautawa ita ce zillon da muka ji muka yi murna. Sannan, don a cika alkawarin tsimin mai, sai aka je layukan ƙarshe na jadawali, inda direba ya taka totur har ƙasa, aka rage. A wurin nan da gangan kamfani yake zuba mai fiye da ƙima, ya sauko daga 14.7 zuwa wajen 12.5, domin rarar man ita ke sanyaya bawul da kan fistin lokacin da wuta ta fi tsanani. Yaron ya ga lambobi sun yi yawa ya ɗauka ɓarna ce. Wato ya yi tsimi a inda ba mu cika zuwa ba, don a cikin gari wa yake taka totur har ƙasa, kuma a inda injin ya fi bukata. Na ukun shi ne mafi muni. An dushe kunnen sansar da ke sauraron ƙarar tsakuwar nan, wadda aikinta ne ta sa a ja wuta baya da ta ji ta, an kuma hana fitilar gargaɗi kamawa. Mutuwar fitilar da muka yi wa murna, ba warkewa ba ce, bakin mara lafiya aka toshe.

Muna cikin tsine wa yaro a zuci, sai malamin ya ce mu shiga mu zaga gari da sabon akwati, shi yana gefe da na'urarsa a cinya. Muka yi rabin awa muna yawo da safe, fanka tana ta gurnani. Ya nuna mana wata lamba: zafin ruwa 62. Ya ce injin nan an yi shi ne ya yi aiki a wajen 90, kuma aikin tamostat ke nan, ya tsare ruwa har inji ya kai zafinsa sannan ya sake shi. Muddin akwatin yana jin ruwa da sanyi, ɗauka yake yi yanzu aka tashi mota, sai ya yi ta ƙara mai, daidai da a ja cok a 504 a manta ba a mayar ba. Ya sake nuna wata lamba da ta tsaya cik ba ta motsi. Sansar salansa ce, ta mutu tun tuni, kuma ita ce fitilar take ta faɗa mana tun 2015.

"Malam, ƙwaƙwalwar nan ba ta da laifi," in ji shi. "Shekara goma kuna gaya mata asubahin hunturu ne, kun kuma toshe mata hanci. Abin da kuka faɗa mata shi ta yi aiki da shi."

Tamostat naira 9,000, sansa 'yar Beljiyam 25,000, mayar da wayar fanka yadda take 5,000. Duka 39,000, bai kai abin da muka ba yaron ba.

Kai wa Baba wannan magana ya fi kwanan Tashar Yari wuya. Muka zaɓi lokacin da yaransa suka tafi cin abinci, muka yi ta kewaye-kewaye kafin mu fito da ita. Ya ce shi injin da ya gani da idonsa tamostat ya maƙale ya ƙone su, ba su ƙirguwa. Ya ce mutanenmu ruwan rijiya suke ɗura wa lagireto, ya yi tsatsa ya toshe, abin ya ci ya ci ya maƙale a rufe, mutum yana tsakiyar daji kansa ya ƙone. Cirewa ta fi masa kwanciyar hankali, gara a sha mai da a sayi inji. Muka ga kuwa a lokacin da ya koyi wannan dabara, da mai yake kamar kyauta kuma ba akwatin da ke sauraron zafin ruwa, lissafinsa daidai ne. Muka ce malamin ya ce a wanke lagireto a riƙa zuba ruwan kanti mai launi. Ya ce to, motarka ce. Amma ya rantse hannunsa ba zai mayar da abin da ya cire ba, sai babban yaronsa ne ya ɗaura, shi yana zaune a kan benci ya ba mu baya.

A wannan karon mun auna, yadda uwargida ta nema tun farko. A cika tanki har baki, a rubuta lambar kilomita, a yi ta tafiya, a dawo a sake cikawa, a raba. Da muka bi tsofaffin rasiɗai da nisan makaranta muka gano da can lita tana kai mu kilomita 7 a cikin gari. Yanzu tana kai mu 9. Doki kuwa suna nan yadda Faransawa suka bar su, ko ɗaya bai ƙaru ba. Kafin Oktoba na 2024 lita ta haura naira 1,000, ragin da muka samu ya narke a ciki, amma da ba a yi gyaran ba da tuni mun sayar da ita.

Ga lissafin asusun littafi, don masu tambaya: yaro 45,000, janwe 40,000, aikin inji 150,000, akwati da 'yan uwansa 95,000, gyaran da ya kamata a fara da shi 39,000. Jimla naira 369,000, cikin 400,000 da muka yi shekara uku muna tarawa don buga kwafi 500. Rubutun yana nan, yanzu a wuri uku muke ajiye shi.

Kwanakin baya mun bi ta gaban kwantenar nan muka ga an sake allo, yanzu mayar da mota mai amfani da gas ake yi, sana'ar da ta buɗe tun da gwamnati ta fara kiran mutane gare ta a 2023. Malamin kwalejin ya ce shi ma gas ɗin da nasa ɗan akwatin yake zuwa, kuma daga bakin babban yake ɗaukar karatu, duk abin da aka faɗa wa na farko shi na biyun zai maimaita. Yaron ya hango mu ya taso da fara'arsa yana cewa, "Yallaɓai, an daina ganinka." Muka amsa gaisuwa daga cikin mota, ba mu kashe ta ba.

Ranar da aka mayar da tamostat, da za mu tafi, Baba ya ce, "In ta tafasa maka a watan Afrilu, kada ka kira ni." Afrilun 2025 ya zo ya wuce, har Zariya mun je sunan ɗan amaryar nan mun dawo, allura tana tsaye a kan 90 ba ta gusa ba. Muka je gareji takanas muka faɗa masa. Ya ɗago kai daga cikin bonet ɗin wata tsohuwar 504 ya dube mu, ya ce, "Bana ai ba a yi zafi ba."